RIGIMAR MOTAR HAIBRID: MAI SHARHI YA YI SON KAI, AMMA MU MA MASU ITA A GAYA MANA GASKIYA

Rubutun ga yana da ɗan tsawo, wanda ke cikin hidima ya ajiye shi sai bayan Isha'i.

Kwana uku ke nan ana ta turo min wani bidiyo a WhatsApp. Wani matashi ne mai sharhin motoci a TikTok, yana tsaye gaban wata Prius da aka buɗe wa bonet a gareji, yana bubbuga ta yana cewa wai wannan janareto ne aka sa wa taya, duk wanda ya saye ta ya sayi talauci da kuɗinsa, batirinta ba ya wuce shekara biyu. Ba zan kama sunansa ba, don ban zo yi wa kowa talla ko tonon silili ba. Dalilin da ya sa ake turo min kuwa kun san shi: tun ƙarshen 2023 nake hawa Prius ƙirar 2010. Da ita nake zirga-zirga tsakanin Gusau da Mafara, in hanya ta yi kyau kuma Allah ya ba da lafiya in leƙa gida Damri.

Da na so in yi shiru, sai wani yayana ya kira ni. Malamin firamare ne da ya yi ritaya, ya karɓi ɗan haƙƙinsa, ya haɗa da kuɗin shanu biyu, yana so ya sayi mota ya ba ɗansa ya riƙa lodi Mafara zuwa Sakkwato. Wani ya ba shi shawarar haibrid saboda tsadar mai. Ya kalli bidiyon ya tsorata, ya shiga kwament ya karanta martanin masu haibrid ya ƙara rikicewa. Ya ce min, "Ƙanena, wancan ya ce mutuwa ce, ku kuma kun ce aljanna ce. Ni kuɗin ga su ke nan gare ni, wa zan bi?"

Wallahi tambayar ta tsaya min a rai. Mu muna ta cacar baki don nishaɗi da neman mabiya, ga bawan Allah zai zuba gumin shekara talatin da biyar a kan abin da muka faɗa.

Bari in fara da mai bidiyon, don shi ya fara.

Bai tuƙa motar ba ko na mita ɗari. Bai zuba mata mai ya auna ba. Bai gaya mana shekarunta ko kilomita nawa ta ci ba, bai gaya mana abin da ya kawo ta gareji ba. Ya tarar da mota guda a kwance ya yanke wa duk danginta hukunci. In haka ake sharhi, ai kowa zai iya shiga garejin bakanikai a Gusau ya ɗauki Hilux da aka sauke wa giya ya ce Hilux ba ta da ƙwari. Sannan wanda ya leƙa shafinsa zai ga bidiyon da ke biye tallar Camry da Accord masu silinda shida ne a filin wani dillali. Tun da mai ya yi tsada irin waɗannan motoci suka daina tafiya a kasuwa. Ban ce an biya shi ba, Allah ne masani. Amma mai sayar da gishiri in ya ce maka magi na kawo ciwo, ka ɗan dakata kafin ka gaskata.

Kuma wannan ba a kanmu aka fara ba. A 2008 shirin motoci na BBC mai suna Top Gear ya yi wani gwaji da ya zagaye duniya. Sun sa Prius a filin tsere aka taka ta iya ƙarfinta zagaye goma, BMW M3 mai silinda takwas tana bin ta a baya a sannu. Da aka auna, Prius ta yi mil 17.2 da galan ɗaya, BMW ta yi 19.4. Shi ke nan sai labari ya bazu cewa motar tsere ta fi Prius tattalin mai. Alƙaluman ba ƙarya ba ne, amma gwajin an tsara shi ne ta yadda sakamakon zai fito haka. Ƙaramin inji da aka shaƙe yana kuka dole ya sha mai, babban inji da ke tafiyar hutu dole ya sassauta. Waye cikinmu ke tuƙi irin na filin tsere daga Bakura zuwa Mafara?

Kafin nan ma, a 2006, wani kamfanin binciken kasuwa a Amurka mai suna CNW ya fitar da rahoto cewa in aka lissafa daga ƙera mota har zuwa yar da ita, Hummer ta fi Prius sauƙin cin makamashi. Jaridu suka yi ta yayatawa. Da masana suka zauna suka duba lissafin, ciki har da Peter Gleick na cibiyar Pacific Institute a 2007, sai aka ga rahoton ya ɗauka Prius za ta mutu a mil 109,000, ita kuwa Hummer H1 za ta kai mil 379,000. To ai in ka raba kuɗin abu biyu, ɗaya a kan shekara uku ɗaya a kan shekara goma, ka riga ka zaɓi wanda zai ci tun kafin a fara. A 2011 mujallar Consumer Reports ta samo Prius ƙirar 2002 da ta ci mil 206,000 ta gwada ta, shan manta ya fito kusan daidai da na irinta da suka gwada tana sabuwa shekara goma baya. Shi kansa kamfanin Toyota garantin da yake ba batirin a Amurka shekara takwas ne ko mil 100,000, daga ƙirar 2020 ya mayar da shi shekara goma ko mil 150,000. Kamfani ba ya ba da garantin shekara takwas a kan abin da ke mutuwa a shekara biyu.

Saboda da yawa suna tambayata a inbox, bari in ɗan yi bayanin yadda motar take. Ba a caja ta da wutar NEPA. Fetur ake zuba mata kamar kowace mota. Tana da injin mai, tana da motar lantarki, tana da babban batir a bayan kujerar baya. In ka tsaya a go-sulo ko kana tafiya a hankali, injin yakan mutu da kansa lantarki ya ja ka. In ka taka birki, ƙarfin da zai tafi a banza ya zama zafi sai ya koma ya caja batir, shi ya sa ma birkinta ke daɗewa bai cinye ba. Ba ta da sitata irin wadda muka sani, ba ta da altaneta. Toyota ta fara sayar da Prius a Japan tun 1997, wato fasahar ta girmi yaran da ke zaginta a TikTok.

To, an gama da mai bidiyo. Yanzu in juyo kanmu, in ɓera da sata daddawa ma da wari.

Na karanta kwament ɗin 'yan uwana masu haibrid, kunya ta kama ni. Wani ya zagi iyayen yaron. Wani ya ce duk mai kushe haibrid matsiyaci ne da ba zai iya saye ba. Wani ya rantse da Allah wai da man dubu biyar ya je Kano daga Gusau ya dawo. Haba malam! A farashin yanzu lita nawa ke nan? Ko jaki sai ya ci harawa a wannan tafiyar. Irin wannan ƙarin gishiri shi ke ba masu kushe makami, don duk wanda ya saya da wannan tsammanin zai ga an yaudare shi, gobe shi ne zai yi bidiyo na gaba.

Na san abin da ke kawo wannan zafin kai. Mutum ya zuba miliyoyi a mota, abokai sun yi masa dariya, matarsa ta ce me ya hana ka sayi Corolla kamar kowa. In wani ya taɓa motar sai ya ji kamar hankalinsa aka taɓa. Akwai kuma mai tunanin ranar da zai sayar, yana tsoron bidiyo irin wannan ya karya masa farashi, sai ya ɓoye duk wahalar da ya sha. Wannan na biyun ya fi muni, kuma mun san matsayin ɓoye aibi a ciniki a addininmu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga yoyon nawa ɗakin, wanda mai bidiyo bai ma san da shi ba.

Na ɗaya, motar tana ƙasa sosai. A kwalta lafiya lau. Amma hanyar laka da damina, ko inda ruwa ya zaizaye ya bar kwazazzabo, cikinta zai riƙa gugar ƙasa. Sau da yawa in zan shiga ƙauye a Agusta ajiye ta nake a Mafara in hau mashin.

Na biyu, ƙura da zafi. Batirin yana da fanka da ke jawo iska daga cikin mota ta wata 'yar kafa a gefen kujerar baya. Ƙurar hunturu tana toshe fankar, zafin bazara kuma ya zo ya tarar da batir ba ya shan iska. Ni da kaina ya faru da ni. Bayan hunturun farko da na yi da ita, ina gab da shiga Mafara sai alamar alwatika ta fito a dashbod. Bakanike na farko ko na'ura bai sa ba ya ce batir ya mutu, in kawo kuɗin sabo. Na ƙi. Na lallaɓa ta zuwa wajen wani yaro mai kwamfutar duba mota, aka buɗe aka tarar fanka ta cushe da ƙura kamar an yaɓa mata laka, kuma ɗaya daga cikin sassan batirin ya yi rauni. Batirin wannan ƙirar sassa 28 ne aka jera, kowanne ana iya auna shi shi kaɗai. Aka wanke fanka aka canja sashen. Amma shi yaron ya gaya min gaskiya, canja sashe ɗaya faci ne, sauran ma tsufa suke yi, in fara ajiyar kuɗin batir tun yanzu. Motar da aka ƙera a 2010 ba yarinya ba ce.

Na uku, masu gyara. Wannan ita ce babbar matsalar yankinmu. Batirin nan ƙarfinsa ya haura volt 200, duk wayar da ka gani mai ruwan lemo a motar tana iya kashe mutum. Ba aikin rewaya mai gwada waya da harshe ba ne. Kwamfuresar esinta ta lantarki ce, tana da nata mai na musamman, in mai gyaran esi ya zuba mata man da ya saba zubawa a sauran motoci ya jawo maka asara. Bakin man inji ma siriri take so, 0W-20, ba mai kaurin da ake aunawa a galan a bakin tasha ba. Ƙirar 2010 ɗin kuma an san ta da toshewar bututun da ke mayar da hayaƙi cikin inji, in aka yi sakaci har gasket ya ƙone. Duk waɗannan ana maganinsu, amma sai a hannun wanda ya koya, irinsu kuwa sai ka nufi Kano ko Kaduna ko Abuja, in ka yi sa'a ka samu a Sakkwato ko Gusau.

Na huɗu, wanda ya fi damuna: ba a tura ta ta tashi. Golf mai giyar hannu in ta mutu, fasinja huɗu su sauka su tura, a saki kuloci, ta kama. Haibrid in kwamfutarta ta ce a'a, to a'a ɗin ke nan sai an zo da na'ura. A wani wuri wannan ɓata lokaci ne kawai. A wajenmu kowa ya san me ake nufi da mota ta mutu a daji da La'asar sakaliya. Mutanen Damri da Sabon Gari da Kalahe ba su manta watan Mayun 2022 ba, Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa. Duk mai sharhin da zai ba mutumin Bakura ko Maradun shawarar mota bai sa wannan a lissafi ba, bai san inda muke zaune ba.

To in haka ne me ya sa ban sayar ba? Saboda lissafi. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin kwanaki ta koma wajen 500, zuwa Oktoban 2024 ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa, balle a hannun 'yan bumburutu a ƙauye. Mu nan ma mun ɗanɗana wahalar mai tun kafin nan, a 2021 lokacin da aka hana sayar da shi a jarka aka rufe kasuwannin mako saboda tsaro.

A takarda hukumar Amurka ta ba Prius 2010 mil 50 a galan, wajen kilomita 21 ke nan a lita. Tsohuwa a hanyarmu da esi a kunne kada ka sa rai da haka, ka ɗauka 17 ko 18. Mu ɗauki tafiyar kilomita 200, kwatankwacin Mafara zuwa Gusau da dawowa da ɗan yawo a gari. Prius za ta sha lita 11. Corolla mai yin 12 zuwa 13 za ta sha wajen 16. Mai silinda shida da ke yin 10 za ta sha 20. In muka sa lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, kuma tafiyar sau ɗaya ce a mako, a shekara ka rage naira 260,000 a kan mai Corolla, ka rage 468,000 a kan mai silinda shida. Kuɗi ne, amma ba sihiri ba ne. Daga ciki za ka cire ajiyar batir da kuɗin zuwa wajen mai gyara. Wanda kuma yawancin tuƙinsa cikin gari ne, tsaya-tafi tsaya-tafi, shi ya fi kowa cin riba, don a nan lantarkin ke aiki sosai. A doguwar hanya da gudu injin ne ke ɗaukar nauyin, tazarar takan ragu.

Abin da nake nema wajen masu sharhi ba yabo ba ne. Ku yi mana aiki irin na mai awo a kasuwar Talata, wanda kowa ke ganin tiyarsa. Ka cika tanki har baki, ka rubuta lambar kilomita, ka yi tafiyar da mutane ke yi da gaske, ka dawo gidan man da ka fara ka sake cikawa, ka raba kilomita da lita a gaban kyamara. Ka yi wa motar da kake kwatantawa da ita haka a hanya ɗaya. Ka faɗi shekarar motar da abin da ta ci. Ka je wajen masu gyara biyu ko uku ka tambayo farashin batir da fanka da famfon ruwa. In dillali ne ya ba ka motar ko ya biya ka, ka faɗa tun farko, ba abin kunya ba ne, sana'a ce. In ka yi haka ka ce motar ba ta yi ba, ni zan fara yaɗa bidiyon.

Mu kuma masu ita, mu bar zagi. Wanda ya ce batir na mutuwa a shekara biyu, ka nuna masa rasit da lambar kilomitarka. In ka canja batir ka faɗi nawa ka kashe. In ta taɓa ajiye ka a hanya ka faɗa. Gani ya kori ji, kuma mutum ɗaya mai faɗin gaskiya da daɗi da ɗaci ya fi mutum ɗari masu ihu amfani ga mai shirin saye.

Wanda ya yanke shawarar saye kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka biya ko sisi a sa mata na'ura a ga lafiyar kowane sashe na batir, kada ka yarda da "ai ba wuta a dashbod", don ana goge laifi a kwamfuta kafin mai saye ya zo. Ka tuƙa ta aƙalla rabin awa har ta yi zafi. Ka duba ko an cire mata indomin salansa, don na Prius yana da tsada ana yawan sace shi. Ka yi hattara da motar da ruwa ya ci a waje aka wanke aka kawo. Sannan ka san lambar mai gyaranta kafin ka san lambar dillali.

Ku ce me na gaya wa yayana? Na ce masa kada ya saya. Ni mai haibrid, mai son haibrid, na ce masa a'a. Motar lodi a hanyarmu mutum huɗu ne a baya, biyu a gaba, buhuna a but har ƙofa ba ta rufuwa. Prius za ta zauna a ƙasa, fasinja zai toshe kafar iskar batir da kayansa, yaron da zai ja ta kuma duk bakaniken da ya gani zai miƙa wa. Na ce ya nemi Golf ko Sharon ko Corolla mai lafiya wadda kowane gareji daga Mafara har Tureta ya san cikinta, kayanta kuma suna nan a kasuwa. A makon nan ɗin wata ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Gusau, aikinta gida zuwa asibiti zuwa makarantar yara, ta yi min tambaya iri ɗaya, na ce mata in ta samu mai lafiyar batir ta saya ba ta da asara. Mota ɗaya ce, amsa biyu, don rayuwarsu ba ɗaya ba ce. Mai bidiyo bai tambayi kowa yadda yake rayuwa ba kafin ya yanke hukunci, mu ma da muka taso masa ba mu tambaya ba.

Wani abu na ƙarshe ga matasanmu masu koyon gyaran mota, da 'yan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Mafara. Motocin nan ƙaruwa za su yi, don ƙasashen da muke sayo na hannu daga wajensu su suke ta ƙerawa suna hawa. Yaron da ya koyi duba batirin haibrid yau, ya mallaki na'ura da safar hannu ta lantarki, ba zai rasa abinci ba a Zamfara. A halin yanzu kuɗin ga Kano muke kai shi.

Masu Prius da Camry da Lexus haibrid da ke nan, ku rubuto mana a kwament: ƙirar wace shekara, kilomita nawa take yi muku a lita in kun taɓa aunawa, nawa kuka kashe a gyara, kuma wa ke gyara muku. Bakanikai ma ku shigo, ku ke ganin abin da ba mu gani. Wanda zai yi zagi don Allah ya wuce, zan goge.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya kawo mana zaman lafiya a Bakura da Maradun da Mafara da Zamfara baki ɗaya, ya sa albarka a abin hawan kowa. Amin.